Littattafan Likitan Rijiya

Unguwar Rimi, Kaduna
2 ga Yuli, 2024

Juwairiyya,

Kafin gaisuwa ga gargaɗi, ki karanta shi sau biyu. Kada ki kuskura ki turo mota ko wani mutum gidan nan da sunan ɗaukar akwatin littattafan Babanki. Duk wanda ya zo, a bakin ƙofa zai tsaya, ya sha ruwa ya koma. Kuma kada ki kira ni a waya kan maganar nan, don ba zan ɗauka ba.

To, assalamu alaikum. Ya aiki, ya Abuja, ya damina? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Na ji abin da kika faɗa ranar Juma'a, kina ta sauri kamar an biyo ki. Wai ofishinku na haɗa wani rumbu a intanet, inda za a zuba duk abin da aka taɓa aunawa a ƙarƙashin ƙasa, kowa ya shiga ya duba, don a gano inda zafin ƙasa ya isa a samar da lantarki. Wai kuma littattafan da marigayi Babanki ya rubuta a wajen haƙar rijiyoyin burtsatse su ne za su cike ɓangaren Kaduna. Ni a sakandare na tsaya, amma na gane wannan. Abin da ban gane ba shi ne yadda 'yar da na haifa za ta miƙe a gaban manya ta yi alkawari da abin da ke ɗakin uwarta, ba ta tambaye ta ba. Haka na koya miki? Mutum ya yi shekara talatin rana na dukansa yana rubutu, ke cikin minti biyu kin raba wa duniya, har da waɗanda ba su zo mana ta'aziyya ba.

Ki koma ki ce musu kin yi azarɓaɓi. Janye magana ba ya kashe yaro.

Ga dambun nama da yaji nan na haɗa da wasiƙar, direban tashar Kawo zai ba ki. Ki riƙa cin abinci a kan lokaci. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
Hansai

*

Unguwar Rimi
2 ga Yuli

Malam Lawal,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya iyali, ya mutanen Rigasa, ya ƙarfin jiki? Na san ƙarar injin haƙa ta gama da kunnenka, waya ba ta yi maka amfani, shi ya sa na ba Ado mai keke wannan takarda. Ko da kana ji ma, ba zan iya furta abin da ke cikinta da baki ba.

Kai ne ka riƙe wa Marigayi inji shekara ashirin da shida, ka san littattafan nan goma sha huɗu da yake rubuta zurfin kowace rijiya da zafin ruwanta. Malam Lawal, babu su. Ni na ƙone su.

Bara da damina, bayan na fita takaba, na buɗe akwatin na tarar gara ta shiga ta ƙasa. Shafuka suna zubowa tsakar ɗaki. Ka san halinsa, ba ya fara shafi sai ya rubuta Bismillah a sama. Na ga sunan Allah a ƙasa, inda ake takawa. Sai na yi abin da na ga uwata tana yi da tsofaffin takardu masu sunan Allah. Na wanke kasko, na ƙone su a tsabtace, na binne tokar a gindin lemo. Huɗu kawai garar ta taɓa. Sauran goman lafiyarsu ƙalau, amma na ce gara ta riga ta san hanya, na haɗa da su. Ranar har daɗi na ji, ina ganin lada na samu. Ban gaya wa kowa ba, don ban ɗauka wani zai sake tambayar lambobin rijiya ba.

Yanzu Juwairiyya ta yi alkawarinsu a wajen aikinta, wai za a zuba su a intanet duniya ta duba. Ɗazu na rubuta mata wasiƙa na yi mata faɗa, faɗan da ni ya kamata a yi wa. Ni da nake tsare 'ya'yana tun suna ƙanana kan ƙarya, yau kwana huɗu ke nan ina share akwatin da ba komai a ciki don kada maƙwabta su ga ya yi ƙura.

Don Allah, akwai kwafi a wajenka? Ko a tsohon ofishinku? Ko guntun takarda ne, ka aiko. Kada ka gaya wa Hajiyarka.

Na bar ka lafiya,
Hansai, matar Marigayi

*

Abuja
8 ga Yuli

Ummata,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da kyau, ya ƙafar, ya kowa da kowa? Dambu ya iso, na gode, Allah ya ƙara girma. Tunda kin hana waya, ga ni a takarda.

Na yi laifi da ban fara tambayarki ba, ki yafe mini. Amma Umma, janyewa ba za ta yiwu ba, bari in gaya miki dalili.

A taswirar da muke haɗawa, kowace rijiyar da aka auna zafinta ɗigo ɗaya ce. Wasu jihohin ɗigo ya yi musu yawa. Da aka haska Kaduna a bango, fari fat, ɗigo bakwai kacal. Wani farfesa ya ce a tsallake ta, ba wanda ya taɓa damuwa ya auna. Umma, ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce akwai wanda ya damu, rijiya ɗari uku da goma sha biyu ya auna, kuma na san akwatin da suke. A kan wannan maganar aka ba ni shugabancin ɓangaren Kaduna, aka tsallake waɗanda suka girme ni a aiki. Ranar 31 ga wata za a rufe karɓa. Ƙa'idar ita ce ba a shigar da lamba sai an ga asalin inda aka rubuta ta. In na zo hannu sake, ni ce yarinyar da ta yi ƙarya a gaban mutum arba'in, kuma ba za a sake yarda da aunawata ba.

Kin ce zan raba wa duniya. E, haka ne, kyauta ma. Mai son haƙa rijiya a Mando zai duba ya san abin da zai tarar kafin ya fara. Ko inda babu zafin ma, sanin cewa babu ɗin zai hana wani wahalar banza. Baba ba don gara ya rubuta su ba.

Ba zan turo kowa ba. Ranar Asabar 27 ga wata zan zo da kaina. Ni dai na san ba za ki tsayar da ni a bakin ƙofa ba.

'Yarki,
Juwairiyya

*

Rigasa
9 ga Yuli

Hajiya,

Amin wa alaikumus salam. Muna lafiya, kunne ne dai ya yi ritaya ya bar ni. Na karanta takardarki sau uku, na yi salati sau uku.

Kwafi babu. Ofishinmu an sauya masa gini sau biyu, takardun da muka bari tuni masu ƙosai suka gama da su. Ban da haka ma, ofis bai taɓa neman zafin ruwa ba, zurfi kawai suke tambaya. Injiniya Yusha'u shi kaɗai ya ɗora wa kansa. Mu gama haƙa, kowa yunwa ta kama shi, shi kuma ya ɗaure ma'aunin zafi a igiya ya zura, ya tsaya yana duba agogo. Mu ce, Likita, ya mai jikin, zazzaɓi ne ko shawara? Daga nan sunan Likitan Rijiya ya bi shi.

Amma akwai abin da ba ki sani ba, don ba ki taɓa zuwa fili ba. In an zuba simintin daɓen famfo, kafin ya bushe, yakan ciro ƙusa daga aljihu ya tsuguna a kusurwar gabas, ya rubuta kwanan wata, da zurfi, da zafi. Na taɓa ce masa, Injiniya, wa zai karanta, awaki? Ya ce wanda zai zo gyara ba sai ya nemo gidana ba. Duk rijiyar da muka haƙa yana yi. In ba a fasa daɓen ba, rubutun na nan.

Ga sunayen wurare sittin da ɗaya na cikin gari da na iya tunawa, a bayan takardar nan. Na ƙauyuka kuwa hanyoyinsu ba na mace mai shekarunki ba ne yanzu, kin san halin da ake ciki. Ki tafi da buroshi da alli. In kin wanke, ki goga allin, lambar za ta fito.

Sai kuma shawara, ko ba ki nema ba. Ki gaya wa yarinyar nan yau. Faɗa dai kin iya shi, mun shaida tun Injiniya na da rai, to wannan karon ki gwada ɗaya maganar, ta neman gafara.

Ki huta lafiya,
Lawal Direban Inji

*

Unguwar Rimi
19 ga Yuli

Malam Lawal,

Assalamu alaikum, ya gida.

Kwana tara ke nan kullum da safe ni da Ado muna fita. Duka sittin da ɗayan na taka. A Badarawa kwamitin masallaci sun manna tayil a kai. A Unguwar Shanu wani mai neman kujera ya sake shafe daɓen ya rubuta sunansa, kamar shi ya haƙa. A Malali an gina shago a kan rijiyar gaba ɗaya, mai shagon ya rantse bai taɓa jin labarin famfo ba, alhali bututun na nan a bayan firjinsa. A Kawo na durƙusa cikin caɓi ina gurza, mata sun kewaye ni da bokitai, wata ta ce, "Hajiya, zobe ne ya faɗi?" A unguwarku kuwa wata mai wanki cewa ta yi, "Baba, in asiri kike binnewa ki faɗa mana mu daina sha." Ni da ban taɓa barin 'ya'yana su zauna a ƙasa ba. Amma da allin ya fito da rubutunsa, da bakwai ɗin nan tasa mai sanda a ciki, sai na manta da su, na zauna daɓas ina kuka.

Ashirin da shida na samu. Juwairiyya kuwa ɗari uku da goma sha biyu ta faɗa. Saura kwana takwas ta zo.

Ga abin da na lura. Duk zafin da na kwafo tsakanin ashirin da bakwai ne da talatin, ba ya wucewa. Kuma ka san da yawa daga shafukan littattafan da hannuna aka rubuta su, don in ya dawo a gajiye ni nake kwafe masa daga guntayen takardu. Jiya na shiga Babbar Kasuwa na sayo littattafai masu bangon nan irin na da, na ɗora su a saman murhu hayaƙi ya taɓa su. Abin da ya rage sunayen ƙauyukan ne, da zurfin kowace ko da kintace. Kai ka haƙa su, ba za ka yi nisa da gaskiya ba. Zafin ni zan cike. Wa zai cutu da digiri ɗaya?

Kada ka yi mini wa'azi, na fi ka iya shi. Aikin 'yata ne da mutuncinta, kuma ni na ƙone su. Ka taimake ni don zumuncin Marigayi.

Hansai

*

Rigasa
20 ga Yuli

Hajiya,

Wa alaikumus salam. Wa'azi ba zan yi ba, labari zan ba ki.

Wata shekara akawunmu ya ɓatar da takardar wata rijiya a wani ƙauye, ya ji tsoron faɗa, ya cike zurfin da ka. Bai yi nisa da gaskiya ba, mita tara ce kawai. Masu sa famfo suka bi takarda suka yanka bututu. Da rani ya yi, ruwa ya sauka ƙasa da bakin bututun. Mutanen suka koma shan tafki, rani biyu, kafin a gano. Mun je mun ga yadda ruwan tafki ya yi da yaran garin.

Wannan takardar ofis ɗaya ce. Taku kuma kin ce duniya za ta duba.

Sunayen ƙauyuka ba zan bayar ba. In Juwairiyya ta tambaye ni, abin da na sani zan faɗa mata. Ki yi fushi da ni, na ɗauka.

Lawal

*

Unguwar Rimi
22 ga Yuli

Juwairiyya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ki nemi wuri ki zauna.

Littattafan Babanki babu su. Na ƙone su bara, duka goma sha huɗun, saboda gara ta taɓa huɗu kuma na ji tsoron a taka sunan Allah da ke saman shafukan. Niyyata mai kyau ce, amma ban tambayi kowa ba, ga ki kuwa da kika yi karatun abin, kira ɗaya ya isa. Wasiƙar da na yi miki ta farko, ba don kin yi laifi na yi ta ba. Tsoro nake ji, sai na mayar da shi faɗa. Wannan ƙarya ce ta ɗaya.

Ta biyu ta fi muni. Malam Lawal, wanda ya riƙe wa Babanki inji, ya gaya mini cewa Marigayi yakan rubuta lambobin da ƙusa a simintin kowane famfo. Na bi sittin da ɗaya, na samu ashirin da shida. Da na ga ba su kai ba, sai na sayo littattafai na shafa musu hayaƙi don in cike sauran da ka, in ba ki a matsayin nasa. Malam Lawal ya ƙi taimaka mini, amma ban fasa ba. Shekaranjiya na zauna da ƙauyukan da nake tunawa. Don ya yi kama da nasa, na rubuta Bismillah a saman shafin. Na cike layi huɗu a ƙarƙashinta. A na biyar na ɗaga ido na ga abin da ke sama da abin da ke ƙasa. Wato ni da na ƙone aikin shekara talatin don kada ƙafa ta taka sunan Allah, ni ce na ɗora shi a kan ƙarya da hannuna. Biro ya faɗi, ban ɗauka ba.

A cikin ambulan ɗin nan abu biyu ne. Farar takardar ita ce ashirin da shidan, kowace da unguwarta da inda famfon yake, na gani da idona. Inda siminti ya fashe ya cinye lamba, na bar gurbin. Shafin mai hayaƙi kuma shi ne ƙaryata, na ja masa jan layi. Ki gani, don ki san uwar da ke miki faɗa.

Na san ashirin da shida ba za su cece ki ba. In akwai wanda zan rubuta wa a ofishinku in ce ni ce, ki ba ni sunansa. In zuwa ake so, zan shiga mota. Ban taɓa roƙon ɗan da na haifa ba, yau ina roƙonki. Ki yafe mini.

Mahaifiyarki,
Hansai

*

Abuja
25 ga Yuli

Umma,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso.

Jiya na shiga wajen shugabanmu na faɗa masa. Ban ce ke ce ba, na ce sun ƙone, kuma na yi alkawari ban duba ba, wanda gaskiya ne. An karɓe ɓangaren Kaduna an ba wani. Ba a kore ni ba, an mayar da ni shigar da lambobin wasu.

Ashirin da shidan za a karɓa in an ɗauki hoton kowane daɓe da rubutun a jiki. Za su shiga da sunan Baba. Ki sa Ado ya ɗauka da wayarsa ya turo, kada ki sake durƙusawa da ƙafar nan.

Aikin ba shi ya fi yi mini ciwo ba. Ban taɓa karanta littattafan nan ba, Umma. Ina ta ajiye su sai na iya buɗewa ban yi kuka ba.

Ba zan zo ranar Asabar ba. Ba na so in zo in faɗi abin da zan yi nadama. Ki ba ni lokaci. Ki riƙa shan maganinki.

Juwairiyya

*

Unguwar Rimi
29 ga Yuli

Juwairiyya,

Assalamu alaikum, ya aiki.

Ado ya turo hotunan, ki duba ko sun fito. Ashirin da takwas ne yanzu. Mai shagon Malali ya yarda ya janye firjinsa, wata mata kuma a Hayin Banki ta nuna mana wani famfo da Malam Lawal ya manta. Kin ce kada in durƙusa, ban ji ba. Ko an rufe karɓa jibi, ni zan ci gaba da fita, ki ajiye su har ranar da za a sake buɗewa.

Lokacin da kika nema na ba ki, ba zan ƙirga ba. Ranar da kika shirya, ƙofa a buɗe take.

Jiya na tara 'yan'uwanki na faɗa musu komai da bakina, har da shafin mai hayaƙi. Sannan na kafa doka, ke ma ki ji ta. Daga yau a gidan nan ba a ƙona takarda, ko gara ta ci rabinta, sai an kira wanda ya san karatunta ya duba ya ce a ƙona. Dokar ta hau kan kowa, ni ce ta farko.

Mahaifiyarki,
Hansai